Sarrafa Ƙarfe a Yelwan Bauchi: Jagora ga Mai Sha'awar Koyo

Sarrafa ƙarfe ya ƙunshi yanka shi, da lanƙwasa shi, da dukansa da zafi, da narkar da shi, da haɗa wani da wani har a fitar da abin amfani. A ƙasar Hausa ƙira gado ce tun asali. Ɗan maƙeri kan fara da zuga yana ƙarami, ya koma riƙe awartaki, sai ya yi ƙwari sannan a ba shi masaba. Yanzu ƙofar ta buɗe ga wanda bai gada ba. Akwai ɗalibi mai son haɗa wa kansa teburin karatu, da ma'aikacin da ke gyara ƙofar gidansa ranar Asabar, da wanda ya yi ritaya yake neman abin da zai riƙa motsa jiki da shi. Irin waɗannan ba tsadar kayan aiki ce babbar matsalarsu ba. Abin da ke raba aiki mai kyau da na banza abu uku ne: sanin irin ƙarfen da ke hannu, da iya awo, da iya sarrafa zafi.

Yelwa da tarihin ƙarfe a yankin

Yelwa babban yanki ne a gefen kudu na birnin Bauchi, a kan hanyar Dass, ya haɗa da unguwanni irin su Yelwan Tudu da Yelwan Makaranta. A nan tsohon mazaunin Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa yake, wadda aka kafa a 1980 a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya, ta kuma tsaya da ƙafarta da wannan suna a 1988. Gaba kaɗan, a Gwallameji, akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 1979. Duka biyun suna koyar da aikin injiniya, suna kuma da ɗakunan gwajin aikin ƙarfe. Yawan ɗalibai ya jawo gine-ginen gidajen haya, su kuma gidajen suna buƙatar ƙofofi da tagogi da gadaje da marikin tankin ruwa, shi ya sa masu walda ba su da wuyar gani a bakin titi. Manoman ƙauyukan da ke kan hanyar Dass da Tafawa Ɓalewa kuma har gobe suna neman fartanya da garma da lauje da gatari daga hannun maƙeri, musamman idan damina ta ƙarato. Wato a ɗan taƙi guda mai koyo zai iya ganin ƙirar gargajiya, da waldar bakin titi, da ilimin aji.

Aikin ƙarfe ya daɗe a wannan sashe na Najeriya. A Taruga, kusa da Abuja, an tono murahun narkar da tama na mutanen Nok da suka kai kimanin shekara 2,500. Tarihin Kano ya danganta zaman farko a gindin Dala da maƙera Abagayawa da suka zo neman tama. A ƙasar Bauchi kuwa, mutanen Liruwen Dalma sun shahara da narkar da kuza tun kafin Turawa su kafa kamfanonin haƙar ma'adinai a tsaunukan Jos. Narkar da tama ta mutu a zamanin mulkin mallaka, lokacin da ƙarfen ƙasashen waje da tarkacen motoci da na jirgin ƙasa suka fi sauƙin samu. Layin dogo ya ratsa Bauchi a farkon shekarun 1960, ya isa Maiduguri a 1964, sannan a ƙarshen shekarun 1970 kamfanin Steyr ya fara haɗa manyan motoci da taraktoci a Bauchi. Tun daga zamanin mulkin mallaka maƙeri ya daina dogaro da dutsen tama, ya koma ga tsohon ƙarfe.

A al'adance maƙera kashi biyu ne. Maƙeran baƙi su ne masu aikin baƙin ƙarfe, suna ƙera kayan noma da wuƙaƙe da linzami da likkafa. Maƙeran fari suna aiki da azurfa da tagulla da sanholo, suna yin zobba da awarwaro da kayan adon doki. Mai walda da mai zubin tukwane da mai aikin kwano rassa ne da zamani ya ƙara.

Sanin ƙarfe kafin taɓa shi

Yawancin kuskuren sabon shiga daga nan yake farawa, domin a ido duk baƙin ƙarfe ɗaya ne. Abin da ke bambanta su shi ne yawan sinadarin kabon da ke ciki. Ƙarfe mai taushi, irin na bututun ƙofa da falanki da ƙarfe mai kusurwa, kabon ɗinsa bai kai kashi 0.3 cikin 100 ba. Yana yankuwa, yana lanƙwasuwa, yana karɓar walda, amma duk yadda aka gasa shi aka tsoma a ruwa ba zai yi taurin da zai riƙe kaifi ba. Ƙarfe mai tauri, irin na sifirin mota da tsohuwar magagari, kabon ɗinsa kan kama daga kashi 0.6 zuwa sama da kashi 1. Shi ne na wuƙa da kurfi da gatari. Ƙarfen zubi, irin na gangar injin da tsohon keken ɗinki, yana da kashi 2 zuwa 4. Ba ya ƙeruwa, idan aka doke shi fashewa yake yi.

Akwai gwaji biyu masu sauƙi. Na farko a goga magagari a gefen ƙarfen: idan ta ci shi ba wahala mai taushi ne, idan ta zame tana ƙara to an taurara shi. Na biyu a ɗora shi a dutsen injin gurza a dubi tartsatsin. Mai taushi yana fitar da dogayen layuka masu ɗan rassa kaɗan. Mai yawan kabon tartsatsinsa na fashewa da rassa barkatai masu haske. Na zubi kuwa gajere ne, ja, marar haske.

Sauran ƙarafa ana gane su da launi da nauyi da maganaɗisu, wanda ba ya kama sanholo ko jan ƙarfe ko tagulla. Kowanne da zafin da yake narkewa a ma'aunin Salshiyas: kuza digiri 232, dalma 327, sanholo 660, tagulla wajen 900, jan ƙarfe 1,085, tsantsar baƙin ƙarfe 1,538. Wannan ne dalilin da ya sa ake iya narkar da sanholo a murhun gawayi, amma baƙin ƙarfe sai dai a tausasa shi a doka.

Ana sayen sabon ƙarfe a shagunan kayan gini, tsoho kuma a wurin 'yan gwangwan da kanikawa. A nan akwai wajen taka tsantsan. Wayar lantarki da murfin kwalbati da guntun layin dogo kayan hukuma ne, sayensu ba tare da sanin asalinsu ba na iya kai mutum gaban alƙali. Haka kuma duk wani rufaffen ƙarfe da ba a san ko mene ne ba, kada a saya, balle a sa masa wuta.

Wurin aiki da kayan farawa

Rumfa mai rufin kwano da iska ke ratsawa ta ishi mai farawa. Ƙasa ko daɓen siminti ya fi, kuma a nisanta da zana da katako da buhunan hatsi da galan ɗin fetur. A lokacin hunturu komai a bushe yake, tartsatsi ɗaya na iya tayar da gobara, don haka bokitin yashi da na ruwa ba sa barin wurin. Haƙƙin maƙwabta ma abin dubawa ne, domin ƙarar guduma da injin gurza ba ta dace da tsakar dare ko lokacin sallah ba.

Kayan hannu su ne farko: tef na awo, da sukwaya, da zarton ƙarfe, da magagari iri biyu ko uku, da guduma, da filaya, da kurfi, da madoshi, da almakashin ƙarfe, da mamatsin da ake ɗaurewa a teburi don riƙe aiki. Teburin ya zama mai nauyi, marar girgiza. Bayan hannu ya faɗa sai a ƙara injin huda, da injin yanka da gurza, sannan injin walda. Wanda ya sayi injin kafin ya iya yanka miƙaƙƙen layi da zarto, injin zai taimaka masa ne kawai ya ɓata ƙarfe da sauri.

Mai son ƙira yana buƙatar uwar maƙera, da masaba, da awartaki, da zugazugi. Duk wani dunƙulen ƙarfe mai nauyi da shafaffiyar fuska na iya zama uwar maƙera, muddin an kafa shi a kututture ba ya motsi. Zugazugin fatar akuya na nan, amma maƙera da yawa sun koma fanka mai juyawa da ƙafar keke, wasu kuma ƙaramar fankar lantarki. Gawayin icce mai tauri ake nema, kuma na ƙirya ne maƙera suka fi yabo saboda zafinsa da daɗewarsa. Ana farfasa shi ƙanana don wuta ta haɗe wuri guda.

Awo, yanka da gurza

Ƙarfen da aka yanke ba ya komawa, don haka awo ake maimaitawa kafin a ɗora zarto. Ana zana layi da tsinin ƙusa mai tauri ko alli mai siriri, a yanka a gefen layin ta ɓangaren da za a yar, domin bakin zarto ma yana cin nasa rabon. Ruwan zarto yana da haƙora 18 ko 24 ko 32 a kowane inci. Ƙa'idar ita ce aƙalla haƙora uku su zauna a kan kaurin ƙarfen, wato siririn bututu yana son mai ƙananan haƙora. Haƙoran gaba suke kallo, saboda haka a turawa ake dannawa, a dawowa a sassauta. Magagari ma haka take: a tura, a ɗaga, a dawo. Goga ta gaba da baya na dakushe ta da wuri.

Kafin huda rami ana buga madoshi a daidai wurin don kada bakin injin ya zame. Babban rami ana fara shi da ƙaramin baki. Ƙarfe yana son juyi a hankali da ɗigon mai. Idan bakin ya koma shuɗi, ya ƙone ke nan. Kada a riƙe falanki da hannu ana huda shi, domin idan bakin ya kama zai juya shi ya yanki mutum.

Don tabbatar da kusurwa ta miƙe, ana auna taku 3 a gefe ɗaya, 4 a ɗaya gefen, tsakanin ƙarshensu ya ba da 5. A firam mai kusurwa huɗu kuwa ana auna tsallake biyu daga lungu zuwa lungu, idan sun zo daidai firam ɗin bai karkace ba.

Ƙira: karanta wuta da ido

Hausawa na cewa da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, kuma ma'aunin zafin maƙeri launi ne. Ƙarfe kan fara ja mai duhu a wajen digiri 600 zuwa 700, ya yi jajir a wajen 800, ya koma ruwan goro a 900 zuwa 1,000, sannan ruwan ɗorawa a wajen 1,100. Tsakanin ruwan goro da ruwan ɗorawa ake duka. Idan ya sauko zuwa ja mai duhu sai a mayar wuta, domin dukan ƙarfe mai tauri da sanyi na sa shi tsagewa a ciki. Idan kuma ya yi fari yana tartsatsi a cikin wuta, ya ƙone, sai a yanke wurin a yar. Launin ba ya ganuwa sosai a rana tsaka, shi ya sa maƙera take zama a inuwa.

Ayyukan ƙira kaɗan ne, sauran duk haɗa su ake yi: miƙar da ƙarfe ya yi tsawo da tsini, faɗaɗa shi, dunƙule bakinsa ya yi kauri, lanƙwasawa, murɗawa, hudawa da yankewa da kurfi. Aikin farko da ya dace da mai koyo shi ne ƙugiyar rataya daga guntun rodi, domin a cikinta akwai fitar da tsini da lanƙwasa da murɗa.

Ƙera wuƙa daga sifirin mota ya tattara darussan zafi gaba ɗaya. Ana yanko guntu, a gasa, a miƙar da shi, a fitar da siffar ruwan wuƙar da wutsiyar da za ta shiga ƙota. Ana duka gefe da gefe daidai wa daida, in ba haka ba ruwan zai karkace. Bayan siffa ta fito sai a gasa shi ya yi ja, a bar shi ya huce a iska, a maimaita sau biyu ko uku don ƙarfen ya saki wahalar duka. Idan ana son ya yi taushin da magagari za ta ci, a binne shi da zafinsa cikin toka ya kwana. Daga nan a gyara siffa, amma a bar bakin da ɗan kauri, kada a wasa shi tukuna, domin siririn baki na tsagewa wajen taurarawa.

Taurarawa ita ce a gasa ruwan wuƙar ko'ina daidai har maganaɗisu ya daina kama shi, abin da ke faruwa a wajen digiri 770, a ƙara masa zafi kaɗan, sannan a tsoma shi tsaye cikin mai. Ruwa na sanyaya ƙarfe da gaggawa, kuma sifiri kan tsage a cikinsa. Man gyaɗa ya fi baƙin mai, wanda hayaƙinsa ke da illa. Man ya kasance cikin gwangwanin ƙarfe mai murfi, don idan ya kama wuta a rufe shi. In aikin ya yi, magagari za ta zame a kan bakin.

A wannan mataki wuƙar ta yi tauri amma tana da gautsi, faɗuwa ƙasa ma na iya karya ta. Sai a goge gefe ɗaya ya yi haske, a riƙa ɗumama ta a hankali daga gadon baya ana kallon launin da ke tafiya zuwa baki. Launin busasshiyar ciyawa na fitowa a wajen digiri 220 zuwa 230, ruwan ƙasa a wajen 250, shunayya a wajen 280, shuɗi a wajen 300. Wuƙa da aska suna son launin ciyawa a baki, gatari da kurfi ruwan ƙasa zuwa shunayya, abin da ake son ya lanƙwasa ya dawo kuma shuɗi. Da launin da ake so ya isa baki sai a tsoma a ruwa a tsayar da shi. Bayan haka ne ake wasawa a sa ƙota.

Jan ƙarfe da tagulla halinsu daban ne. Duka ne ke taurara su, idan kuma aka gasa jan ƙarfe ya yi ja aka tsoma a ruwa, taushi yake yi. Maƙerin fari kan maimaita wannan sau da yawa kafin ya gama munduwa guda.

Walda

Waldar lantarki ce ta fi yawa a Yelwa da sauran unguwannin Bauchi. Wuta na tsallakawa daga bakin sandar walda zuwa ƙarfe da zafin da ya haura digiri 3,000, ta narkar da su biyun su haɗe. Garin da aka lulluɓe sandar da shi yana ƙonewa ya kare narkakken ƙarfen daga iska, ya bar ɓawo a sama wanda ake ɓamɓarewa bayan ya huce. Sandar da aka fi amfani da ita ita ce mai lamba E6013. Masu sana'a na kiran mai kaurin milimita 2.5 geji 12, mai 3.2 kuma geji 10. Ta farko tana son wuta tsakanin amfiya 60 zuwa 90, ta biyu 90 zuwa 130. Ƙananan injinan zamani marasa nauyi sun fi tsofaffin tiransifoma sauƙin sarrafawa da ƙarancin cin wuta, amma ƙaramin janareton fitila da fanka ba ya ɗaukar ko ɗaya daga cikinsu.

Walda mai kyau daga tsafta take farawa. A kankare tsatsa da fenti da mai daga wurin haɗi da wurin da za a maƙala wayar ƙasa. Ana kunna wutar da ɗan karta bakin sandar a kan ƙarfe, a ɗaga ta kaɗan, tazarar ta yi kamar kaurin sandar. A ɗan karkata ta wajen da ake tafiya, a ja a hankali, ido na kan narkakken wurin, ba kan hasken ba. Idan sanda na manne wa ƙarfe, ɗinkin ya yi tudu, wuta ta yi kaɗan. Idan tartsatsi ya yi yawa, gefen ɗinkin ya zaizaye ko ƙarfen ya huje, wuta ta yi yawa. Siririn bututun da ake ƙofofi da shi yana hujewa nan da nan, don haka ɗigo-ɗigo ake yi masa ana barinsa ya ɗan huce. Ƙarfen da ya haura milimita 5 kuwa ana fere bakinsa don walda ta shiga ciki. Da damina sanduna na shan danshi su riƙa barin ƙananan ramuka a ɗinki, sai a adana su a rufaffen gwangwani.

Babbar matsalar mai koyo ita ce karkacewa. Walda na janyewa idan tana hucewa, ta ja ƙarfen zuwa gefenta. Wanda zai haɗa firam ɗin teburi sai ya shimfiɗa guntayen huɗu a shafaffen wuri, ya matse su, ya ɗiga walda a kowane lungu, ya auna tsallake biyun nan, ya gyara da guduma idan sun saɓa. Bayan haka ne zai cike, yana tsallakawa daga lungu zuwa wanda ke fuskantarsa maimakon ya bi su a jere. Don gwada ƙarfin hannunsa, ya haɗa guntaye biyu ya matse a mamatsi ya doka da guduma. Waldar kirki ƙarfen ne zai lanƙwashe, ita ba ta ɓalle ba.

Waldar gas, wadda masu gyaran jikin mota ke yi da iskar oksijin da ta kabad, harshenta ya haura digiri 3,000. Tana da amfani ga siririn falanki da liƙin tagulla, amma tukunyar kabad ta haɗin gida tana fashewa, don haka ba abin da mai koyo zai taɓa shi kaɗai ba ne.

Aikin kwano da zubi

Daga falankin kwano da tsohon duro ake yin kurfoti da mazurari da akwati da bokiti. Ana fara yanka siffar a kwali a gwada, sannan a zana a kan kwanon. Ana naɗe bakin don ya yi ƙarfi kuma kada ya yanki hannu, a haɗa da ninki ko ƙusar ribit. Duron da ya taɓa ɗaukar fetur ko wani sinadari yana riƙe tururi ko da ya bushe, kuma tartsatsi na iya tarwatsa shi. Mai koyo ya nisanci yanka shi ko yi masa walda, haka ma tankin babur da na mota.

Masu zubin tukwane suna cakuɗa yashi mai laushi da ɗan yumɓu da danshi kaɗan, su danna shi cikin akwatin katako mai hawa biyu a jikin tsohuwar tukunya, su zare ta, su bar gurbinta, sannan su zuba narkakken sanholo ta wata kafa. Ɗigon ruwa a cikin narkakken ƙarfe na sa shi fantsama, don haka ludayi da duk abin da za a jefa a tukunyar narki sai an ɗumama su sun bushe. Idan abin girki za a zuba, a tace tarkacen sosai, kada dalmar batir ko ta liƙi ta shiga. Dalma guba ce mai lalata ƙwaƙwalwar yara. A Zamfara a 2010 yara fiye da 400 suka mutu saboda ƙurar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje.

Gamawa da kariya daga tsatsa

Aikin da ba a rufe shi ba damina ɗaya ta ishe shi ya yi tsatsa. Ana ɓamɓare ɓawon walda, a gurje tudun da ya fito, a bi da buroshin waya da samfefa, a goge mai da ƙura. Jan fentin nan na hana tsatsa shi ne shafin farko, sai ya bushe a bi da fentin mai sau biyu, siriri-siriri. Bakin bututu a toshe shi don kada ruwa ya kwanta a ciki ya ci shi ta ciki. Wuƙa da kayan aiki kuwa shafa musu mai ya wadatar.

Kare lafiya

Hasken walda na ƙona fatar ido. Ciwon ba ya tashi nan take, sai bayan sa'o'i mutum ya ji ido na ruwa yana yaji. Baƙin tabarau na kwalliya ba ya tare wannan haske. Abin da ake buƙata shi ne garkuwar fuska mai gilashi lamba 10 ko 11, da shinge don masu wucewa da yara. Wanda abin ya kama ya je asibiti, kada ya ɗiga wa idonsa abin da ba likita ya ba shi ba. Ƙarfen da aka shafa wa tutiya, irin farin bututun ruwa, hayaƙinsa na kawo zazzaɓi da ciwon jiki, sai a kankare wurin a yi aikin a fili. Gawayi da janareto kuma suna fitar da iska marar wari mai kisa a rufaffen ɗaki.

Injin yanka mai faifan milimita 115 na juyawa fiye da sau 10,000 a minti, kuma faifan da ya fashe yana tashi da ƙarfin da zai huda jiki. Kada a cire murfinsa, kada a ɗaura faifan da ya tsage ko ya fi ƙarfin injin, kada kuma a yi gurza da gefen faifan yanka. Tufafin aiki na auduga ne mai kauri wanda ba ya reto. Yadin roba narkewa yake yi ya manne a fata. Takalmin fata rufaffe, da safar hannu ta fata wajen walda, da farin tabarau wajen gurza, da abin toshe kunne, duk wajibi ne. Ba a walda a jiƙaƙƙen wuri ko da jiƙaƙƙen hannu, kuma wayar da ta kware a canza ta. Mai mu'amala da tsohon ƙarfe ya tabbatar ya yi allurar rigakafin tetanos.

Hanyar koyo

Karatu da kallon bidiyo a waya na taimakawa, amma hannu ba ya faɗawa sai an tsaya kusa da wanda ya iya. Hanyar da aka saba ita ce a je wurin maigidan sana'a da sallama da ladabi, a bayyana masa cewa sha'awa ce ta kawo mutum, a daidaita kan ranaku da abin da za a riƙa bayarwa. Ko mai digiri ne, a rumfa yaro ne, zai fara da gurza da riƙe ƙarfe da share wuri. Tsarin da ya fi dacewa shi ne a fara da awo da zarto da magagari, a wuce zuwa huda da ribit, sannan walda a kan tarkace, sannan ƙananan ayyuka irin su marikin tukunya da kujera da kurfoti. Abin da rai ya rataya a kansa, kamar marikin tankin ruwa mai tsawo ko ƙarfen mota, a bar wa ƙwararru har sai an gwanance.

Wanda sha'awarsa ta girma har yake son shaidar aiki yana da hanyoyi. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya na yin jarrabawar gwajin sana'a mai mataki uku, daga na 3 zuwa na 1. Hukumar NABTEB na shirya jarrabawar makarantun fasaha, ciki har da walda da haɗa ƙarfe. Asusun horar da ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971, da hukumar samar da aikin yi ta NDE suna gudanar da horon sana'o'i lokaci zuwa lokaci a jihohi, har da Bauchi. Da irin wannan takarda, aikin da aka fara don cike lokacin hutu na iya zama hanyar neman kwangila ko aiki a masana'anta.